Akwatin da Fada Ya Bar Mana

Mu Hausawa ne, kuma Katolika. Na saba faɗin haka sau biyu, domin wanda ya ji a karon farko yakan ɗauka bakina ne ya kuskure. Ƙauyenmu yana bayan Saji, a ƙasar Rano, 'yan gidaje ne a gindin dutse, da ɗakin addu'a na laka da kakanninmu suka gina lokacin da suka bar tsafi. Babana shi ne malamin cocin. Shi ke karanta mana Littafi ranar Lahadi, shi ke koya wa yara addu'o'i, shi ke binne wanda ya mutu. Musulmin da ke kewaye da mu ma Malam suke ce masa. Abu ɗaya ne ba ya yi: ba ya taɓa Jikin Almasihu, wato gurasar nan da Fada yake tsarkakewa a wurin Mas, babbar sujadarmu. Tun muna ƙanana ya koya mana cewa hannun da aka shafa wa mai, wato na Fada, shi kaɗai ke taɓa ta, mu namu buɗe baki.

Fadanmu wani tsohon Bature ne da ke zuwa daga Kano a wata mota mai yawan tari. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni. Ƙauyuka sun yi masa yawa, saboda haka ba mu cika ganinsa ba, amma a shekarar da maganar Shari'a ta cika rediyo sai ya ce a wurinmu zai yi Mako Mai Tsarki. Muka share ɗakin addu'a, muka yaɓe inda ya tsage, mata suka yi ta daka kamar ana biki.

Ga wanda bai sani ba, mu ba a yin Mas ranar Juma'ar da aka gicciye Yesu. Don haka tun ranar Alhamis Fada yake tsarkake gurasar da za a karɓa washegari, ya sa ta a ƙoƙo mai murfi, ya kulle a akwati, a kunna fitila a gefe. Daga nan sai jama'a su riƙa zama bi da bi a gaban akwatin, don kada a bar Ubangiji shi kaɗai yadda almajiransa suka bar shi suka yi barci. Haka aka yi. Fada ya kulle ɗan akwatin ƙarfen, ya miƙa wa Baba makulli, ya ce zai leƙa wani mara lafiya a wajen Kibiya, gobe kafin la'asar yana nan.

Washegari muka taru da azumi a bakinmu, muka zauna a ƙarƙashin ɗorawa muna kallon hanya. Zafin bazara ne, irin wanda ko kaji buɗe baki suke yi. La'asar ta yi, ta wuce. Asabar ma haka. Muka yi Ista, idin tashin Yesu, da waƙa kawai. Sai ranar kasuwar Rano labari ya iso cewa motar ta kife da shi, ya karye a ƙugu, an kai shi Kano ba ya ko magana. Daga baya muka ji 'yan'uwansa sun ɗauke shi zuwa ƙasarsu.

Baba ya tara mu ya ce, "Fada ne ya buɗe zaman nan, Fada ne zai rufe shi. Kafin nan fitila ba ta mutuwa, kuma ba a barin wurin ba kowa."

Babu wanda ya yi musu. Mako ɗaya muke zato, ko biyu.

A lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu. Maigidana magini ne. Babban ɗanmu ya shiga firamare, ƙaramar kuwa yanzu aka yaye ta, tana ɗakin surukata kamar yadda aka saba, don ta manta da nono. Nakan hango ta daga nesa tana bin kakarta da gudu, gindi a waje, in ɓuya don kada ta gan ni ta tayar da kuka. Da na san abin da ke tafe, da ban ɓuya ko sau ɗaya ba.

Baba ya yi ta aika saƙo Kano ta bakin direbobi, amma saƙon nasa kullum ɗaya ne: a ce muna neman Fada. Ba ya faɗin dalili. Ya ce abu mai tsarki ba na bakin tasha ba ne, kuma zamanin ya zama na kama baki. To, wane ƙauye ne ba ya neman Fada? Ni da kaina na je sau ɗaya. Na tarar da gidan su Fada na Kano cike da masu jira, kowa da kukansa, Fada ɗaya tilo da ya rage kuma ya fita zagaye. Na yi wa wani mutum da ke karɓar baƙi bayani tun daga farko har ƙarshe. Ya yi ta gyaɗa kai, ya ce zai faɗa. Wataƙila ya faɗa.

Damina ta sauka, aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Gaskiya ɗaya ce, kuma zan faɗe ta: babu wanda ya zo ya taɓa mu ko ɗakin addu'armu. Amma matan da ke dafa burkutu suna biyan kuɗin makaranta da shi suka kife tukwane, abin hannu ya ƙare musu. Ga jita-jita kullum sabuwa. Gida ya tashi yau, wani gobe, wasu Zariya, wasu kudancin Kaduna. Gida biyu suka musulunta, muka ci gaba da gaisawa a rijiya. Masu zama gaban akwati suka yi ta raguwa, har ya zama daga Baba sai ni, sai wata tsohuwa da ba ta gani sosai.

Ana cikin haka maigidana ya sami aikin gini a wani gari kusa da Abuja, har da ɗaki. Ya ce mu tashi. Baba kuwa ƙafarsa ta kumbura, ba ya iya kaiwa ɗakin addu'a sai an riƙe shi. Muka yi shawara cewa maigida ya yi gaba da uwarsa da yaran, ni in biyo baya da zarar Fada ya zo. Na raka su bakin titi. Yarinyar tana bayan kakarta tana cin gyaɗa, ko juyowa ba ta yi ba. Ni ma ban yi kuka ba, don a ganina kwana nawa ne.

Baba ya rasu bayan an yanke gero. Ana gobe zai tafi ya ciro makullin daga wuyansa, ya sa a tafin hannuna ya rufe da nasa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

Ya ce, "Uwata, kada ki bar shi shi kaɗai."

Na ce, "Baba, 'ya'yana fa?"

Ya ce, "Wanda kike gadi yana gadinsu."

Maƙwabtanmu Musulmi ne suka haƙa kabarin, suka tsaya daga gefe, ni na karanta addu'a da littafinsa. Da aka watse na shiga ɗakin addu'a na zauna a ƙasa. A ranar ce na fara yi wa Allah magana yadda ake yi wa wanda aka jima da shi, babu durƙuso, babu kalmomin littafi. Na ce masa ya duba ya gani, ya ɗauke mai makulli ya bar mai goyo.

Rayuwata ta koma tsakanin abu uku: ɗakina, gonar bayan gida, da fitila. Ba na zuwa kasuwar Rano, don tafiyar wuni ce. Ba na zuwa biki ko gaisuwar mutuwa in ya wuce inda zan hango rufin ɗakin addu'a. In ina noma rabin hankalina yana kan lagwani. Fitilar wani ɗan kofin gilashi ne ja, man gyaɗa take sha, kuma ba ta ƙoshi. Akwai wata Hajiya a unguwar da ke ƙetaren rafi, mai yin ƙuli-ƙuli, wadda ta san ni tun ina cikin zani. Ita ke kawo mini man a kwalba. In na ɗauko hatsi zan ba ta sai ta harare ni.

"Ke 'yar Malam, ni za ki yi wa awo? Ajiye abinki. Shi dai wannan baƙon naku ba ya cin tuwo, sai shan mai."

Nakan yi dariya, don in ban yi ba kuka zan yi. Ba ta taɓa tambayata abin da ke cikin akwatin ba. Takan tsaya a bakin ƙofa, ta cire takalmi ko da ba shiga za ta yi ba.

Kada wani ya ɗauka zaman nan zaman waliyyai ne. Akwai ranakun da nake jan carbi bakina yana tafiya zuciyata tana zagi. Akwai ranakun da nake shiga in zuba mai in fito ko kallon akwatin ban yi ba, yadda mace ke ajiye wa miji tuwo in sun yi faɗa. Amma akwai wasu ranakun, da rana tsaka, gari ya yi tsit, da nake zama in ji kamar an dafa mini kafaɗa. Sai in ce, to Ubangiji, ban ga hanya ba, amma kai kana ganinta, ja ni. In tashi da sauƙi a ƙirjina. Kafin yamma kuma in ga 'yar wani ta wuce da tallan gyaɗa, duk abin ya dawo sabo.

Maigida ya zo da Kirsimeti, shi kaɗai. Ya ce kuɗin mota bai kai na yara ba. Ya yi ƙiba kaɗan, abin ya ba ni haushi. Ya kawo mini atamfa da labarai: babban ya iya karatu, ƙaramar ta iya magana, surutu kamar ta haɗiye rediyo. Na tambaye shi ko tana nemana. Ya ce ai yara ne.

Washegari ya ce in haɗa kaya.

Na ce, "Baban yara, ka san abin da ya riƙe ni."

Ya ce, "Na sani. Akwati. Ke kaɗai ce Katolika a duniya? Can ma akwai coci, ya fi wannan sau goma, Fada har biyu. Allahn nan yana can ma."

"Na san yana can. Amma na nan wa zan bar wa?"

"Ki naɗo shi a zani mu tafi da shi."

"A motar haya? Tsakanin kaji da buhun barkono? Da wane hannun?"

Ya miƙe ya ce, "Malam ya mutu ya huta, ke ya ɗaure ki a turke ya tafi." Na ce kada ya ƙara sa babana a bakinsa. Muka kwana ba mai yi wa wani magana. Da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakin addu'a ya yi alamar gicciye, ya daɗe a tsaye. Shi ma ɗan koyarwar Baba ne. Da na ce masa ya ɗauka da nasa hannun, ba zai iya ba.

Da Ista ta zagayo, tsohuwar nan 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita. Na yi Alhamis Mai Tsarki ni kaɗai a gaban gurasar bara. A makon ne Hajiya ta same ni ina tankaɗe, ta zauna a kan turmi ta ƙura mini ido.

Ta ce, "'Yar nan, kin rame. Je ki ga 'ya'yanki. Man nan ai ni ke matse shi, zubawar ce za ta gagare ni? Safe da yamma zan zo. Ɗakin Allah ne, ba zan bari akuya ta shiga ba."

Na yarda. Wallahi na yarda. Na wanke kaya, na soya gyaɗa, na sayi ɗan kunne na yara a wurin mai koli. Na nuna wa Hajiya yadda ake gyara lagwani, na bar ƙofa a buɗe, makullin akwati yana wuyana. Na shiga mota har tashar Rano. Na sami ta Zariya tana lodi, na zauna a kusa da taga da ƙullina a cinya. Muna jiran mutum biyu ta cika.

Ba wata murya na ji ba, ba kuma wata alama na gani ba. Kawai na tuna yadda Baba ya rufe hannuna da nasa. Na yi ta gaya wa kaina cewa Hajiya ta fi ni riƙon amana, kuma gaskiya ne. Amma ita fitila ta ce za ta duba, ni kuwa mutum aka bar mini. Ban san nawa ne imani a cikin abin da na ji ba, nawa ne tsoro. Da mutum na ƙarshe ya shigo, ni na fita. Yaron mota ya bi ni da magana, ban ji me ya ce ba. Na koma ƙauye a ƙasa, ina tafe ina kuka da ƙarfi kamar ƙaramar yarinya, ina ce wa Allah ya ci, ya ji daɗi.

Hajiya ta gan ni na dawo da ƙullin. Ta miƙo mini kwalbar man ta wuce.

Damina ta biyu ta yi ƙarfi. Rufin ɗakin ya fara yoyo daidai kan akwatin, na kifa masa kwano, na tare sauran da tukwane. Bango ɗaya ya jiƙe har ya yi ciki. Kowace safiya nakan shiga da fargabar zan tarar ya zube. Na daina kallon hanya. Addu'ata ta koma guda ɗaya, gajera: ka san inda nake.

Bayan an kai amfanin gona gida, wata rana da hantsi ina sussukar dawa, sai ga babur ya tsaya a gindin ɗorawa. Wani saurayi ya sauko da farar riga duk ta yi ja da ƙasa. Bahaushe ne irinmu, daga wajen Katsina, sabon Fada. Ashe maigidana ne ya yi ta zarya wurin Fadan cocinsu na can har Fadan ya gaji da shi ya aika saƙo Kano. A Kano kuwa an ɗauka ƙauyenmu ya daɗe da tashi.

Na wanke hannu na kai shi. Na ciro makullin, igiyar ta yi baƙi da zufa. Ya durƙusa, ya buɗe akwatin, ya ɗaga murfin ƙoƙon. Ina durƙushe a bayansa, na riga na buɗe baki. Sai na ga bai juyo ba.

Ya ce, "Mama, tun yaushe?"

Na gaya masa.

Ya juyo da ƙoƙon a hankali ya nuna mini. Babu gurasa a ciki. Wani dunƙule ne toka-toka, ya yi gashi, ya manne a gindin ƙoƙon. Danshi ya gama da ita.

Ya yi mini bayani da murya ƙasa-ƙasa, yana kallon hannunsa. Ya ce Ubangiji yana cikin gurasar ne muddin tana nan a matsayin gurasa, in ta lalace haka to ba ya ciki. Ya ce da ganinta, tun daminar farko ta zama haka. Sannan ya ƙara da abin da har yau nake ji a kunnena. Ya ce in irin wannan larura ta faru, Malam da kansa yana iya buɗewa ya raba wa jama'a, ko ya ɗauka ya kai Kano. Ko ni ma.

Na ce, "Ko ni?"

Ya ce, "Ko ke, Mama."

Tun daminar farko. Wato ranar da na raka 'ya'yana bakin titi, wataƙila an riga an gama. Ban yi ihu ba. Na zauna daɓas a ƙasa na miƙe ƙafafu a gaban Fada, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "To ni da wa na zauna?"

Ya rufe ƙoƙon ya ajiye. Daga baya ya ce shi dai bai yarda Allah zai bar wanda ya zauna dominsa ya zauna shi kaɗai ba. Magana ce mai daɗi, irin wadda ake koya musu. A ranar ban karɓa ba. Yanzu da na tsufa nakan karɓe ta wata rana, wata rana in mayar. Abin da na sani shi ne ban daina zuwa Mas ba, ban kuma daina yi wa Allah ƙorafi ba, kuma ban ga ya kore ni ba. Babana bai yi mini ƙarya ba, abin da aka koya masa ya koya mini. Amma na yi fushi da shi a kabarinsa, fushi sosai, na shekaru.

Fada ya zuba ruwa a ƙoƙon, ya haƙa rami a gindin bango ya juye, ya rufe da ƙasa. Ya yi mini Mas ni kaɗai, Hajiya tana zaune a waje tana jira ta ba shi fura. Sannan ya hure fitilar, ya ɗaure akwatin a bayan babur. Duk aikin bai kai dahuwar shinkafa ba.

Kwana kaɗan bayan haka na tafi. Unguwar tasu ta leburori ce, ɗakunan langa-langa a jere, yare iri-iri. Na isa da la'asar, maigida bai dawo daga aiki ba. Babban ɗana ya hango ni ya sheƙo da gudu, ya kusa kayar da ni. Surukata ta fito tana tafa hannu tana hawaye, ta shimfiɗa mini tabarma.

Sai ga ƙaramar ta leƙo daga bayan labule. Ta yi tsawo, an yi mata kitso, goshin Baba sak. Na buɗe hannuwa. Ta dube ni, ta dubi kakarta. Kakar ta ce, "Ke, ba ki iya gaisuwa ba ne?"

Ta koma ciki. Ta fito da ruwa a kofi, ta riƙe da hannu biyu tana tafiya a hankali don kada ya zube. Ta durƙusa a gabana da kyau, ta ce mini sannu da zuwa. An ba ta tarbiyya, babu abin da zan ce. Na karɓa na sha.

Ta koma ta raɓe a jikin kakarta, ta ja mata zani, ta yi raɗa irin ta yara wadda kowa ke ji.

"Kaka, baƙuwar nan a ina za ta kwana?"